Usta Idrisu da muryar ɗana

Usta Idrisu ya rasu. Haka maƙwabcina ya faɗa mini a ƙofar shagona a Kasuwar Libiya ta Omdurman, ko sallama bai yi ba. Na yi salati, amma sai na faɗi gaskiya: kafin in tuna da iyalinsa, idona ya faɗa kan na'urar saƙon murya da ke kan tebur.

Shagona na aika wa 'yan kasuwa faks ne, kuma Usta, kamar yadda ake kiran gwanin gyara a nan, shi ne ya haɗa mini komai. Da furfura na koyi karatu a ajin yamma, shi ya sa ya rubuta mini kalmomin aikin da manyan baƙaƙe, Larabci a dama, Hausa a hagu: layi, akwatin saƙo, ƙwaƙwalwa, ajiye, goge. Bai taɓa yi mini dariya ba. In na kira ƙwaƙwalwa "cikin na'ura", sai ya ce, "Ya Hajj, kira ta da sunanta. Ran da za ka neme ni a waya, da sunan zan gane ciwonta."

Takardar faks kuwa, ya nuna mini yadda rubutunta ke dusashewa a zafin Omdurman. Yakan ce, "Yi mata kwafi ran da ta zo. Saƙon da ke wuri ɗaya ban yarda da shi ba."

Wata bakwai ke nan da ɗana Musa ya tafi Libiya neman aiki, ya bar matarsa Amna da ciki. Sau ɗaya ya kira, ina masallaci. Ya bar saƙo: "Baba, na tsallake sahara lafiya. Ku kula da Amna." Daga nan shiru. Wannan muryar ce kaɗai abin da ya rage mana. Usta ya gargaɗe ni cewa in wuta ta ɗauke kuma batir ya mutu, ƙwaƙwalwar za ta zubar da komai. Shi yake zuwa duba batirin, har ciwo ya kwantar da shi.

Ranar rasuwar na rufe shago don zaman makoki na kwana uku. Kamar yadda kowa ke yi a kasuwarmu saboda tsoron gobara, na kashe babban makunnin wuta. Hannuna ne ya yi, ban ma sani ba.

Sai a kwana na uku, ina cikin masu ta'aziyya, abin ya faɗo mini. Na shiga mota na nufi shago. Da na kunna wuta, gilashin na'urar ya nuna sifili. Na danna, na sake dannawa. Babu Musa. Na rasa yadda zan dubi Amna, wadda ta haihu jiya-jiya, tana cewa in an yi suna za a kai jaririn ya ji muryar uban.

Washegari Safiya, 'yar marigayin, ta zo da ambulan.

"Baffa, a jakar aikin Abba na gani. Sunanka ne a kai."

Kaset ne. Da manyan baƙaƙen nan nasa ya rubuta: "Kwafin saƙon Musa." Tun yaushe ya naɗa, ban sani ba. Bai faɗa mini ba, wataƙila don kada in yi sakaci da na'urar.

Har yau ban san inda ɗana yake ba, kuma tsoron bai sake ni ba. Amma na sa wa jikana kaset ɗin kusa da kunne, ya buɗe ido.

Allah ya jiƙan Usta Idrisu, ya haskaka kabarinsa, ya tsare masa abin da ya bari kamar yadda ya tsare mini nawa. Allah ya ba Safiya da mahaifiyarta haƙuri, ya dawo mana da Musa. Jumma'a za a raɗa suna a gidana. Duk wanda ya san Usta ya zo ya ga ƙaramin Idrisu.