Shagon Kara Mai Danga

Jiya autata ta shigo da guntun karan dawa tana ɓare shi da haƙori. Ƙamshin ɓargon nan, irin wanda ake ji idan an buɗe rumbu da safe, shi ya mayar da ni gidanmu na Illela, lokacin ina 'yar shekara tara ko goma.

Bayan girbi, kara yakan cika bayan gida. Da shi muke yin 'yan tsana, mu ɗaura musu tsumma. Ni kuwa ɗaurawa ba ta ishe ni ba, ɗinki nake so. Goggona, ƙanwar babanmu, tela ce a Ƙonni, takan ƙetaro iyaka duk ranar kasuwa ta sayi zare, ta kawo mini ƙyallaye a ƙulle a gefen zane. Ita ta ba ni labarin wani kanti a can, inda ake sa wa gumaka riguna a tsayar da su. Ban taɓa ganinsa ba. Na roƙe ta ta koya mini keken ɗinki, sai ta ce in yi wa 'yan tsanata kaya, in buɗe musu shago. In aikin ya yi mata, za ta ɗauke ni da rani. In bai yi ba, ɗiyar maƙwabciyarta ma tana so, kuma keken ɗaya ne.

Kun san zuciyar yaro. Kwana shida ban san ɗanɗanon tuwo ba. Na ɗinka riguna huɗu da allurar innata, har da mai hannun bulawus. Ginin ne ya gagare ni, sai na kai kuka wurin kakana, wanda duk unguwa shi ake kira in za a yi rumbu ko danga.

Tsohon ya zauna a gindin darbejiya ya ɗauki abin da gaske. Ya zaɓi kara busasshe, ya ce ɗanye yana motsewa ya saki ƙusa. Ƙusar kuwa ƙayar aduwa ce. Muka kafa ginshiƙai, muka yi rufi da kwalin sukari, na shafe daɓen da jar ƙasa. Na jera 'yan tsana a ciki kowace da kwalliyarta. Sai ya dube su, ya girgiza kai.

"Uwargida, mata huɗu ki bar su bakin hanya haka? Gidan wa anka yi hakanan?"

Na ga gaskiyarsa, don ni ma ban taɓa ganin gidan da ake hango matansa daga waje ba. Muka tsaga kara siri-siri, muka saƙa danga mai kyau, muka kewaye gaban shagon ruf. Har ɗan zaure ya yi masa, ƙofar tana kallon gefe.

Ranar kasuwa Goggo ta iso da hantsi. Na ja ta da hannu har wurin shagon. Ta durƙusa, ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu.

"Wanga mi ne? Ina kayan?"

"Suna ciki, Goggo."

Dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa. "Baba, aikinka ne wanga. Shago munka ce, kai ko ka sa su kulle. Wa za ya sayi abin da bai gani ba?"

"Mai so ya yi sallama," in ji tsohon, ko gezau.

Ni dai hawaye sun cika mini ido, na ɗauka keke ya wuce ni. Da kakana ya lura, sai ya sa yatsa biyu ya zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗage dangar da ya yini yana saƙawa, ya ajiye gefe. Rana ta faɗa kan rigunan. Goggo ta ɗauki mai bulawus, ta juya cikinta, ta daɗe tana bin ɗinkin da farce.

"Hannun dama ya fi na hagu tsawo," ta ce. "Za mu gyara shi Ƙonni."

Yau shekaruna talatin da wani abu a kan keke. 'Yan matan da nake koyarwa hoto suke ɗauka a waya, kafin la'asar mutanen Sakkwato sun ga rigar. Ina jin daɗin hakan. Amma har yanzu, duk wadda ta kawo mini aikinta, cikin rigar nake fara juyawa.