Isa da Iyakar Maƙabartar Tungar Marke

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar ƙanena Isa, kuma bana na ji rashinsa fiye da ranar da muka binne shi a Bodinga. Ni na tsaya a firamare da makarantar allo. Shi kuwa karatu ya kai shi har ƙasar Rasha, ya koyo aikin noman rani, ya dawo ya yi wa gwamnati aiki har ya yi ritaya.

A Tungar Marke aka haife mu, wani ɗan ƙauye tsakanin Kajiji da Shagari, a bayan tudun marmara, fadama na gabas da shi. Yau in ka je ba za ka ga ko bango ɗaya a tsaye ba. Ba yaƙi ya tashe mu ba, ba annoba ba. Rijiyarmu ce ta rufta, titi kuma ya bi ta wani wuri, sai mutane suka riƙa zarewa gida-gida suna komawa bakin hanya. A danginmu ni na fara. Innarmu tana rasuwa, ban jira Isa ya dawo daga karatu ba, na kwance azarar ɗakin mahaifinmu na ɗora a amalanke. Ko dutse ban ajiye a kan kabarinta ba. A lokacin gani nake wayo na yi.

Isa ya dawo da wani labari da bai gaji da ba da shi ba har ya mutu. Abokin karatunsa, wani mai suna Musa, ya taɓa kai shi ƙauyensu lokacin hutu. Ƙabilarsu ana kiranta Ingush, Musulmi ne. Ƙauyen a maƙale yake a gefen tsauni, kogi mai ruwan sanyi yana wucewa ta ƙasa. Kakanninsu sun gina dogayen hasumiyoyi na dutse, kowane dangi da tasa, kuma Isa ya ce hasumiyoyin sun fi mutanen da suka rage a garin yawa. A zamanin iyayen Musa sojoji suka kwashe ƙabilar kaf cikin tsananin sanyi, aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa wata ƙasa mai nisa, da yawa suka mutu a hanya. Da aka bar su suka dawo bayan shekaru, sai suka tarar a wurare da dama an tumɓuke duwatsun kaburbura an yi gini da su. Tsofaffinsu suka riƙa bin ƙasa a hankali suna cewa nan wane yake kwance, nan wance take.

"Yaya," in ji Isa, "su da bindiga anka kore su, sunka komo suna biɗar kaburburansu. Mu wa ya kore mu?"

Na ce masa sanyin can ne ya taɓa masa kai.

Duk shekara in an gama girbi sai ya tafi kufan garinmu. Sau ɗaya na bi shi, shi ma don ƙafarsa na ciwo ne na ɗauke shi a babur. Da rana tsaka muka isa. Babu komai sai kututturen dawa da 'yan tsibin jar ƙasa, ko kukan tsuntsu ban ji ba. Isa ya tsaya a gaban fili, ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum, gidan Malam Dikko." Ya yi shiru kamar mai jiran a amsa. Sannan ya shiga ta inda zaure yake a da. Haka ya bi garin gida-gida, yana kewaye bangon da babu shi, yana kiran sunayen masu gida da matansu da 'ya'yan da suka mutu da ƙuruciya. Na yanke ta wani wuri don in tare shi, sai ya ɗaga murya: "Kak ka bi nan, Yaya, ɗakin matan mutane na!" Wallahi sai na ga na janye ƙafata.

Da ya gama ya ce in zo ya nuna mini iyakar maƙabarta da inda Inna take, domin ya bi tsofaffin garin ɗaya bayan ɗaya sun gwada masa kafin su mutu. Na ce rana ta yi zafi, a bari sai wani zuwan. Na zauna a inuwar marke ina hangen sa can nesa, a tsaye, hannuwansa a ɗage. Ban kula da inda ya tsaya ba.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. An sare markunan an yi gawayi. Samarin da ke wucewa a babur zuwa Kajiji ba su san an taɓa yin gari a wurin ba, gonar Garba suke kiransa. Garba jikan Malam Dikko ne, shi ya gaji yawancin filin, kuma bana ya nemo tarakta zai kafce gefen da ba a taɓa nomawa ba. Yaro ne mai tsoron Allah, sai ya fara zuwa wurin hakimi don a nuna masa iyakar maƙabarta. Hakimi ya aika a kira ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban tabbatar da wurin ba."

Ya ce, "Baba, cikin waɗanda anka haifa can, kai kaɗai ka saura da ƙafa. In ba kai ba, wa?"

Muka je da safe. Na duba gabas na duba yamma, ko'ina iri ɗaya. Na nemi tsayuwar Isa a cikin kaina, ina ganin rigarsa, ba na ganin ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Mutane sun zuba mini ido. Na ja layi da sandata inda zuciyata ta fi kwanciya, na ƙara faɗi don kada in rage, aka jera duwatsu a kai.

Tarakta ta shiga ta wajen layin. Ba ta yi nisa ba sai garmarta ta fara tono fasassun tukwane, da yawa, a jere. Direban ya kashe inji da kansa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san da katangar tukwane muke rufe ramin kabari kafin a tura ƙasa. Amma kuma kowane gida a garin yana da tukwanensa.

Garba ya ɗauko guda ya miƙo mini. "Baba, wanga na girki na ko na kabari?"

Na juya shi. Akwai baƙin hayaƙi a jikinsa. Sai dai da tsofaffin tukwanen girki muke rufe mamatanmu. Na ce masa ban sani ba.

Sai Garba ya ce wa direba ya fitar da taraktar. Da hannu muka mayar da ƙasar. Garba bai shuka ko ƙwaya ɗaya a gefen nan gaba ɗaya ba, kuma har yau bai yi mini ƙorafi ba, ko da yake abincin iyalinsa ne ya bari saboda abin da na ƙi tashi in je in gani.

Isa ya bar gida, ya bar 'ya'ya masu tarbiyya, ya bar lambuna a fadamar Danchadi da har yanzu ake shayarwa yadda ya koyar. Abin da ya fi damuwa da shi kuwa ya tafi da shi kabari, don ni da ya so ya danƙa wa na ƙi karɓa. Abin da ya rage shi ne fili mai faɗi a tsakiyar gonaki, ciyawa ta kai ƙugu, makiyaya ma suna kewaye shi da shanunsu ba tare da kowa ya hana su ba.

Allah ya jiƙan Isa. Allah ya jiƙan Inna, duk inda take a cikin ciyawar nan.