Turmin Inna Mai Ƙuna a Baki

Ranar wata Laraba cikin watan takwas, a daminar da na cika shekara tara, na ƙona turmin Inna. Ana hutun lakol, wato makaranta, masarar fadama ta nuna, ni kuwa na karyo goyo biyu a gonar ƙanen babana, Baffa Ila, ba da saninsa ba. Na kwaso garwashi da fasasshen kasko, na laɓe bayan rumbu ina gashi. Ƙamshi ya fara tashi ke nan sai na ji takun Inna, ta dawo daga rijiya. Da wayon yarinta, wanda ba ya wuce tsawon hanci, na yi ta kokawa da turmi har na kife shi a kan wuta da masara gaba ɗaya, na haye na zauna ina 'yar waƙa. Inna ta sauke tulu, ta dube ni, ta dubi abin da ke fitowa ta ƙarƙashina, ta ce, "Ke Rabi, turmin ne ka hayaƙi ko ke ce?"

Na sha tsumagiyar dogon yaro a ranar, irin shan da ban sake yi ba har na girma. Ba don masara ba, don turmin. Na itacen ƙirya ne, na kakata ne, kuma a kan jaki ya biyo Inna daga ƙetaren iyaka lokacin aurenta. Garwashi ya ci bakinsa faɗin yatsa uku, ya bar wani baƙin giɓi kamar an gatsa. Baffa Ila ya yafe masararsa yana dariya, yana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma ya laƙa mini suna Ƙona-Turmi, sunan kuwa ya bi ni har cikin aji.

Garinmu Tsamiyar Gulbi sunansa, tsakanin Tibiri da Gidan Rumji, kuma bai fi gida saba'in ba. Ina son garin nan, ba zan ɓoye ba. Gidajen laka ne suka jeru a kan gaɓa, bayansu jigawa inda ake gero da wake, gabansu fadama mai mangwaro da rake da tumatir. Ƙatuwar tsamiyar da gari ya ci sunanta tana daidai mashaya. A gindinta maza ke tufkar igiya, mu kuwa mu yi gaɗa da carafke har a turo a kore mu. Da rani gulbin rairayi ne zalla. Muna tona shi da ƙoƙo mu jira ruwa ya tsatso, mu cika tuluna, mu yi tseren hawan gaɓa, wadda ta zubar ta koma. Da damina kuwa yana iya zuwa da rana tsaka, sama tas, don can kudu aka yi ruwan. Yaron da ya fara hango kumfa ya ƙwala ihu, "Gulbi ya zo!" sai lakol ta watse, malami yana ta buga tebur a banza. Mu tafi da tsofaffin kwanduna kamun tarwaɗa, mu dawo jajir da laka, idanu sun yi ja, a yi mana faɗa a kuma soya kifin. Kakana yakan ce, "Gulbi maƙwabci ne, zo mu zauna, zo mu saɓa." Muna jinsa ne kawai, don mu alherinsa kaɗai muka sani.

Abin da ya fi zauna mini a kunne shi ne daka. Da la'asar gari duka yakan ɗauki sauti, kowane gida da muryar turminsa, 'yan mata suna lugude, suna cilla taɓarya sama su tafa kafin ta sauko. Namu ya fita daban. Inna ta dage cewa tun ranar da na ƙona shi muryarsa ta dushe, kuma da gaskiyarta. Daga bakin lakol nake gane shi, in san ko fura ake kirɓawa ko sussuka ake yi, in san ko tana cikin fushi. Duk ranar da na yi laifi sai ta nuna giɓin da leɓe, ba ta ƙara ko kalma.

Na girma, na zama malamar lakol a Maradi, na yi aure na haihu. Shekara huɗu da suka wuce, ƙanena Sani ya kira ni a waya daga gida. Hadari ne ya taso daga gabas bayan azahar, da iskar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ta yaye kwano, ta tuntsure rumbuna, ta tumɓuke tsamiyar nan da saiwarta. Aka kwana biyu ana ruwa. A safiya ta uku gulbi ya zo, amma bai bi hanyarsa ba, ta cikin gari ya bi. Mutane suka gudu jigawa da abin da ke jikinsu. Allah ya tsare rayuka, amma gidaje suka narke kamar gishiri a miya. Da na isa bayan mako guda, na tsaya a kan rairayi ina juyawa, na kasa nuna inda ɗakin da aka haife ni yake. Na yi kuka kamar ba uwar 'ya'ya ba.

Aka kafa sabon gari a kan tudu, Sani ya yi wa Inna ɗaki. Sai dai Inna ta daina zama Inna. Ba ta faɗa, ba ta tsokana, tuwo loma biyu ta ture. Na sayo mata sabon turmi a kasuwa, ko kallo bai ishe ta ba. Ta ce mini, "Ɗiyata, shekara hamsin na yi wurin can. In anka ce in nuna shaida, mi za ni nuna?" Ina kallonta tana ƙarewa a zaune, na tabbata in ba a yi wani abu ba, abin da ruwa bai ci ba baƙin ciki zai cinye.

Da rani ya shigo, Sani ya ji labarin wani ƙauye can yamma, kusa da Gidan Rumji, inda mutane suka tono kayan da ruwa ya binne a fadamarsu, har wata mata ta samu turmin ƙirya. Muka ɗora Inna a amalanke, da sabon turmin a gefenta, muka tafi. Matar, Hajo, ita ma ruwa ya cinye mata komai, don haka a bakin danga ta tsayar da mu, ba ta bari mun leƙa ba. Ta ce, "Iya, turmi ai turmi ne. Ku ne na ukku da sunka zo. Mi a shaidarku?" Inna ta sunkuyar da kai. Ni na ce, "Akwai ƙuna a bakinsa, faɗin yatsa uku, kamar an gatsa. Ni na ƙona shi." Hajo ta dube ni sama da ƙasa, da gyalena da jakata ta malamai, ta fashe da dariya, ta shiga ta mirgino shi.

Inna ta durƙusa ta shafa giɓin da babban yatsa. Ta roƙi tafin gero da taɓarya, ta miƙe, ta daka sau uku. Muryar nan ce, dusasshiya, ta la'asar ɗin garinmu. Ta jingina taɓarya da kafaɗa, ta juyo gare ni, idonta cike da hawaye, ta ce, "Ƙona-Turmi, ki yafe mini dukan nan." Muka bar wa Hajo sabon. A hanyar komawa Inna ta yi wa Sani faɗa kan yadda yake kora jaki, ni kuwa ban taɓa jin faɗa mai daɗinsa ba.

Ta ƙara shekara biyu a duniya, tana ci, tana tsokana. Yanzu turmin yana tsakar gidana a Maradi. 'Ya'yana inji suke kai hatsi, ba su iya lugude ba, kuma ba su taɓa jin an yi ihun zuwan gulbi ba. In na ba su labarin tsamiya da mashaya, sai su ce in kai su su gani, ni kuwa ba ni da inda zan kai su. Wani lokaci da la'asar nakan zuba gero kaɗan in daka, ba don ina bukatar gari ba, don in ji gida. Duk abin da ya rage na Tsamiyar Gulbi, mace ɗaya tana iya ɗora shi a ka.