Yadda Haƙorin Makka Ya Raba Ni da Jan Baƙi

Malam Edita, bayan sallama da gaisuwa, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a mujallarku in fitar da wani abu da na daɗe ina taunawa ni kaɗai, ko da yake haƙoran taunar ma su ne kan labarin. Yanzu ni dattijo ne, amma lokacin da abin ya faru ba a daɗe da gama yaƙin duniya na biyu ba, Turawa suna nan a ƙasarmu, ni kuwa saurayi ne mai jini a jika, kuma ni ne mai jan baƙi na babban malamin garinmu. Idan azumi ya zo aka zauna tafsiri bayan la'asar, ni ke rera ayar, malam ya fassara wa jama'a. Ba yabon kai ba, Allah ya ba ni murya, ya ba ni bakin da ke fitar da kowane harafi tas daga inda ya kamata ya fito. Ba ni da gonar kirki, ba ni da sana'ar hannu. Bakin nan shi ne jarina, shi ne mutuncina, kuma na san da haka fiye da yadda ya kamata in sani.

Wani attajiri da karatuna ke sa shi hawaye shi ya ɗauki nauyin tafiyata aikin hajji. Muka bi ta Sudan a manyan motoci, muka ƙetare teku a jirgin ruwa, muka isa Makka. Masaukinmu a unguwar Hindawiyya yake, a gidan wata tsohuwa da aka zo da ita goye daga ƙasar Sakkwato, ta girma a nan, ta tsufa a nan. Inna muke ce mata. Hausarta ta Sakkwato ce sak, sai dai ba ta gama jimla ba ta cusa Larabci a ciki ba. Da muka kammala hajji lafiya, abokan tafiyata duk suka zube, wannan mura, wancan ciwon ƙafa, ni kuwa ƙafata na ta ƙaiƙayi. Na ce yau ni kaɗai zan fita in ga gari, in yi tsaraba, in sa haƙorin Makka yadda duk wanda na yi wa murmushi a gida ba sai ya tambayi inda na je ba.

Inna ta ajiye butar shayin da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, “Ɗan nan, ka yi sabur ɗana ya dawo daga shugul ya raka ka. Larabcin suƙ ba na littahi ba na, wallahi.” Wato in yi haƙuri ɗanta ya dawo daga aiki, don Larabcin kasuwa daban yake da na littafi. Na yi dariya na ce mata ni da na sha littattafan nahawu, wane ɗan kasuwa ne zai faɗi abin da zai gagare ni? Ta ce to, baƙo ko da ido makaho ne, amma Allah ya kiyaye hanya. Na saɓa mayafina na fita, ina jin ta tana ta mita da Larabci a bayana.

Gaskiya, ranar nan ta fara mini da daɗi, kuma har yau ban fasa cewa ta yi daɗi ba. Na je maƙabartar Mu'alla na yi ziyara, na tsaya na hango dutsen da aka fara saukar da wahayi a kansa. Na biyo ta lunguna ina kallon dogayen gidaje masu tagogin katako da aka yi wa sassaƙa, raƙuma da jakuna da motoci suna gogayya a hanya ɗaya, masu ga-ruwa suna rangaji da garwa biyu a sanda. Na ci tsire a wurin wani mutuminmu, na ji Larabawa suna rububinsa suna kiransa da sunan da muke kiransa, sai dai harshensu ya kasa “tsa”. A wancan zamanin hanyar Safa da Marwa kantuna ne dama da hagu, kana sa'ayi kana jin ƙamshin turare. A nan na sayi makawiya ta naɗi saboda malam, darduma saboda attajirin da ya biya mini, kwalli da carbi saboda mahaifiyata. Duk inda na tsaya sai in zuba Larabcina na littafi, da wasali da tanwini cif-cif. 'Yan kasuwa su yi ta dariya suna kiran juna a zo a ji shehi. Ni kuwa sai ƙara buɗe murya nake, a zatona burge su nake yi. Sai daga baya na gane abin da suke gani: baƙo ya tsaya yana huɗuba a kan kwalli.

Da rana ta fara sanyi na iske mai sa haƙori a wani lungu bayan kasuwa, dattijon Balarabe da kujerar katako da akwatin kayan aiki. Ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Na yi masa bayani da Larabcina cewa haƙorin zinariya nake so, wanda za a gani. Ya buɗe bakina ya duba, ya ƙwanƙwasa haƙorana biyu na gaba na sama, sannan ya yi mini wata doguwar tambaya da Larabcin gari, da sauri, yana haɗiye rabin kalmomin. Wallahi ko kalma uku ban kama ba. Amma ga mutane a tsaye suna jira, wasunsu sun ji ni ɗazu ina zuba nahawu, yaya zan buɗe baki in ce ban gane ba? Sai na ce na'am. Ya maimaita, yana nuna haƙorin gefe, yana nuna na gaba, yana girgiza kai. Na ce na'am. Har ya nuna bakin lungu ya ambaci Takaruni, sunan da suke kiran mutanenmu da shi, na fahimci cewa yake a kira mini mai fassara. Nan kam raina ya ɓaci, na ɗaga masa hannu na ce ba na bukata. Ya ɗaga kafaɗa ya ɗauko magagari.

Abin da yake faɗa mini, kamar yadda ɗan Inna ya je ya jiyo daga baya, shi ne haƙorana na gaba sirara ne, idan aka goge su don a sa musu hular zinariya za a kai ga jijiya, gara a sa a na gefe kamar yadda kowa ke yi. Tambayarsa ita ce, duk da haka na gaban nake so, kuma duka biyun? Ni kuwa na'am nake ta rabawa. Da magagarin nan ya taɓa jijiya na ji abin har tsakar kaina, amma na riƙe hannun kujera na daure, don shehi ba ya ihu a kasuwa. Da ya gama ya miƙo mini madubi, na ga bakina na walƙiya, na manta da zafin. Na koma masauki ina yi wa duk wanda na gamu da shi murmushi, har da jakuna. Inna ta leƙa bakina, ta dafe ƙirji ta yi salati. Salatin nan nata ya fi mini zagi ciwo.

Kafin mu bar Makka ko ruwan zamzam ba na iya kurɓa sai na karkata kai. A cikin jirgin ruwa leɓena ya kumbura ya kusa taɓa hancina, zazzaɓi ya rufe ni. Da muka sauka a Sudan aka kai ni wurin wani likita, ya duba ya ce ƙashin ya fara ɗaukar ruwa, ko a cire su ko abin ya hau kai. Aka cire duka biyun. Garin gyaran gira na rasa ido. Haka na shiga garinmu ana ta murnar Alhaji ya dawo, ni kuwa ina rufe baki da gefen rawani.

Na yi ta ƙarfafa kaina cewa murya a maƙogwaro take, ba a haƙori ba. Azumi ya zo, aka cika ƙofar gidan malam fiye da kowace shekara, kowa na so ya ji karatun wanda ya dawo daga Makka. Na gyara zama, na ja numfashi, na fara. Tun a bisimilla asirina ya tonu, domin harafin sin yana nan a cikinta, ba yadda za a kauce masa. Iska ta kuɓuce ta giɓin nan ta yi fito, fiit, kowa ya ji. Wasu a baya suka ƙunshe dariya. Na ci gaba, amma duk inda sin ko sadi ya zo sai fiton ya biyo shi, har na ga manya ma suna sunkuyar da kai suna danne baki. Malam, Allah ya ji ƙansa, ya kira ni bayan an tashi ya ce in daure, jama'a za su saba. Na durƙusa na ce, Allah ya gafarta malam, ni a yi mini dariya ba komai, na saya da kuɗina, amma ba zan zama dalilin da za a yi dariya ana karanta maganar Allah ba. Ni da kaina na kawo sunan wanda zai gaje ni. Na yi kuka a ranar, ba na jin kunyar faɗa.

Ban lalace ba, alhamdu lillahi. Na kama sayar da yadi, Allah ya sa albarka, na yi iyali, daga baya ma na sa haƙoran roba. Amma kujerar jan baƙi ba ta jiran kowa, muryar ƙuruciya ma haka. Shi ya sa nake kira ga masu niyyar tafiya, musamman 'yan'uwana masu ɗan ilimi, don mu abin ya fi kamawa. Ku fita ku ga gari, ku yi tsarabarku, ba laifi ba ne. Amma duk inda aka yi muku maganar da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, ko da duk kasuwa za ta yi dariya, kada ku amsa abin da ba ku ji ba. Dariyar kasuwar Makka da a ranar za ta ƙare, gobe ba mai tuna ni. Har yau idan azumi ya zo nakan je da wuri in zauna a sahun gaba, mai jan baƙi yana ja, ni ma ina ja tare da shi a cikin zuciyata, don a can kaɗai sin ɗina ba ya fito.