Tsohuwar da ke yanke hukunci a jarrabawar Rifkatu

Ƙanwata Rifkatu ta ci jarrabawar aikin lafiyar karkara jiya a Kafanchan, a zama na biyu.

Malamarsu, Sista Hannatu, tsohuwar nas ce mai ƙa'ida ɗaya: bayan rubutu, sai ɗaliba ta yi wa wata dattijuwa mai sayar da citta bayanin maganin hawan jini. In dattijuwar ba ta gane ba, ɗaliba ta faɗi. Bara Turancin da ta yi ta sakawa a bayanin ne ya kayar da Rifkatu.

Jiya ina bakin taga, bayan Rifkatu ta gama bayani, tsohuwar mai citta ta ce, "Wato ko kai ya daina ciwo, ba zan bar sha ba?"

"Ba za ki bari ba, Kaka."

Ta juya wajen Sista: "Wannan kam, ku ba mu ita a Godogodo."

Ku fa, kuna gane bayanin asibitinku?

Takardar tura Rifkatu aiki dai ba ta fito ba tukuna.