Hilario da Sabuwar Ƙa'ida

A birnin Rosario, duk wanda ya yi aiki a kamfanin nan na manhajar jiragen dakon hatsi ya san teburin Hilario Benavídez. Shi ya rubuta tushen da ake gina komai a kai, tun harshen rubuta manhaja na C++ yana kan tsohuwar ƙa'ida. Abin da harshen ya kasa, Hilario ya ƙulla masa dabara, dabarun da shi kaɗai ya san kansu. Wanda aiki ya cije masa sai ya jawo kujera zuwa teburin Hilario. Hilario yakan yi tsaki, amma ransa fari ƙal.

Sai aka ɗauki Yanina Ferreyra. Ba ta daɗe ba ta kawo shawarar a koma C++20, domin sabuwar ƙa'idar tana yin duk aikin dabarun nan da kanta. Ta goge dabarunsa, a gwaji aiki ya ci gaba sumul. Saura sa hannun Hilario, don ba a shigar da gyara sai ya duba.

Ya yi ta tono yana neman kuskure, bai samu ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne rubutun nata ya yi kyau. A gida ya ce wa matarsa Norma yarinyar garaje gare ta.

"Tsoho, faɗi gaskiya," in ji Norma. "Kujerun ne suka koma teburinta."

Ranar taro shi ke zuba shayinsu na gargajiya, mate, kamar kullum, ƙoƙo ɗaya yana zagaya kowa. Da layi ya zo kan Yanina, sai hannunsa ya tsallake ta ya miƙa wa na gefenta. Ko abokin gaba ba a yi wa haka.

"Malam Hilario, ni ma an goge ni ne?" ta tambaya tana murmushi.

Aka yi dariya, ban da shugaban sashe. Bayan taro ya kira Hilario gefe, ya ce masa cikin ladabi ya huta, wani zai duba aikin, tunda ya ga abin ya wuce batun manhaja.

Kafin la'asar gyaran ya shiga. Hilario yana zaune ya ga sanarwar a allonsa, sunan Yanina da na wani, babu nasa.