Awakin Dudunni da Rahoton da Na Ƙi Sa wa Hannu

Cikin dukan ranakun aikina, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata da na mayar wa shugabana rahotonsa ba tare da na sa hannu ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin ku fita ƙauyuka da fom-fom ɗinku, shi zan ba ku.

A lokacin ina ƙaramar jami'ar jin daɗin jama'a a ofishinmu na Kankia, ban fi shekara uku da kama aiki ba. Ni kaɗai ce mace a ofishin, shi ya sa duk aikin da ke bukatar shiga cikin gida ni ake turawa. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga babban farin nan da ya kashe dabbobi ba, kuɗin man fetur kuma sun fara shigowa, sai aka ƙirƙiro wani shiri na tallafa wa gidajen da suka fi shan wuya. Kashi na farko shi ne a ba kowane gida akuya biyu, da lamba a kunne. Kashi na biyu, wanda kowa ya zuba wa ido, shi ne garma da shanun noma ga rukunin gidaje biyar-biyar.

Ƙa'idar ita ce: bayan kusan shekara za mu koma mu auna. Fom ɗin tambaya uku ce kawai. Dabbar tana nan? Ta haihu? Tana da lafiya? Duk gundumar da aka tarar fiye da rabin awakin babu, an cire ta daga kashi na biyu.

Ranar rabo, bayan kaka, ni na tsaya gaban mutanen ƙauyen Dudunni na karanta musu gargaɗin da aka rubuto mana. Na ce wannan dukiyar gwamnati ce, duk wanda ya sayar za a hukunta shi. Na faɗa da ƙarfi, don ina son a ga na iya aiki.

Da shekara ta kewayo, ana tsakiyar girbin gero, Landirobar ofis ta sauke ni a Dudunni da jakar fom. Kwana huɗu na yi ina shiga gida-gida. Tun ranar farko na ga inda abin ya nufa: gida bayan gida, turke ne babu akuya.

Gidan wata tsohuwa, Inna Kande, shi ya fara tsayar da ni. Mijinta ya rasu cikin shekarun fari, tana zaune da ɗanta da matarsa da jikoki. Na tambaye ta awakin, ba ta ko sunkuyar da kai ba.

Ta ce, "Na saida su, ɗiyata. Duka biyun."

Na ce, "Inna, ba ki ji abin da na faɗa ranar rabo ba?"

Ta ce, "Na ji sarai. Ki rubuta na saida. Amma in kin gama rubutun ki zo ki ga wani abu."

Ta kai ni bayan ɗakinta. Damman gero ne jibge, ana ta sa su cikin rumbu. Ta ce shekara uku rabon da rumbun nan ya ga hatsi fiye da na wata biyu. Kullum da ruwa ya sauka abincinsu ya ƙare, sai ɗanta ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar masu hali don su sami na tuwon dare. Kafin ya waiwayo tasu gonar, ciyawa ta cinye shukar. Bana da ruwan farko ya zuba, ta kai awakin kasuwa, ta auno hatsi, ta ce da ɗanta ko ƙofar gonar wani kada ya taka. Ya yi noman farko a kan kari, ya yi maimai.

Ta ce, "In an cire wake zan sai wata akuya da kaina. To mi na ɓata wa gwamnati?"

Na cike fom ɗinta: babu, babu, babu.

Washegari na shiga gidan wani manomi, Malam Tanimu. Nan na ga abin da ofis ke so: awaki biyu da 'ya'yansu, sun yi ɓul-ɓul, gashinsu na ƙyalli. Na yi murna, na fara cikewa. Sai na lura da 'yarsa ƙarama a cinyar uwarta, wuyanta siriri, gashin kanta ya yi ja. A tukunya tafasa ce kawai ake dafawa. Na ce ya nuna mini hatsinsa. Ya nuna mini 'yan dammai da ba za su kai su tsakiyar rani ba.

Ya ce duk damina a gonakin mutane ya yi ta. Sau biyu matarsa ta roƙe shi ya sayar da akuya ɗaya, ya ƙi.

Na ce, "Don me, Malam?"

Ya dube ni ya ce, "Malama, ai ke kika ce za a hukunta mu. Ni ban taɓa shiga gaban alƙali ba."

Na cike fom ɗinsa: tana nan, ta haihu, tana da lafiya. A takarda, Malam Tanimu ne gwarzon shirin, Inna Kande kuwa mai laifi.

Daga gidan nan ban ƙara yarda da tambayoyin uku su kaɗai ba. Na riƙa juya fom ina rubuta nawa a baya: Yaushe hatsinku ya ƙare bara? Mai gida ya yi noman farko a gonarsa ko a ta wani? Dami nawa aka samu bana? Na koma har gidajen da na riga na wuce. Na kuma gano wasu gidajen ba su sayar ba ma, sun kai awakin ruga ne wurin Fulani riƙo saboda ba su da harawa, amma fom bai da gurbin wannan, sai "babu". Ba zan ce duk wanda ya sayar ya yi dabara ba. Akwai wanda ya sayar ya yi hidimar suna, akwai wanda tasa ta mutu. Na rubuta su yadda suke. Amma mafi yawan masu turke wayam rumbunsu ya fi na bara.

Na dawo Kankia na miƙa fom-fom ga shugabana, Malam Sallau, babban jami'in yankin. Akawu ya tattara gaban takardun, bai ko juya bayansu ba. Ranar Talata aka kira ni ofishin Malam Sallau. A tsarin aiki, wanda ya je ya gani da idonsa shi ke fara sa hannu, sannan shugaba, sannan a aika hedikwata a Kaduna. Na karanta rahoton a tsaye. An rubuta cewa shirin ya gaza a Dudunni, mutanen sun yi almubazzaranci da dukiyar gwamnati, a cire su daga kashi na biyu.

Na ajiye masa takardar a kan tebur na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba."

Ya cire tabarau. "Akwai kuskure a lissafin ne?"

Na ce, "Lissafin daidai ne. Maganar ce ƙarya."

Ya ce, "Malama Rakiya, wa ya sa ki rubuce-rubuce a bayan fom? An aike ki ki ƙirga awaki."

Na ce, "An aike ni in ga ko talauci ya ragu. Haka aka rubuta a kan takardar shirin. Awakin hanya ce."

Ya ce in ina son in koya wa Kaduna aiki sai in jira in kai matakinsu. Ya ba ni zuwa lokacin tashi daga aiki in sa hannu. Da aka tashi na ɗauki jakata na tafi gida. Da safe na tarar da takardar tuhuma a kan teburina, wato takardar da ake ba ma'aikaci ya bayyana dalilin da ba za a hukunta shi ba, saboda ƙin bin umarni. Abokan aiki suka yi ta ba ni baki. Wani ya ce in tuna ni mace ce, an yi mini alfarma aka ɗauke ni. Na ce alfarmar ba ta kai in yi wa gari guda sharri ba. Na amsa tuhumar da shafi biyu, na liƙa bayanan gidajen duka.

Mako biyu bayan haka wani babban jami'i ya zo daga Kaduna rangadin duba shirin. Dattijo ne, ba ya yawan magana. An tsara a kai shi ƙauyen Mawashi, inda awaki suka fi yawa. Ni ba a sa ni cikin tafiyar ba, an ce in kula da ruwan shan baƙi. Da aka gama jawabin maraba a ofis aka ce ko akwai mai tambaya, al'ada ce kawai, ba a tsammanin kowa ya yi magana. Na ajiye tire na ɗaga hannu.

Na ce, "Yallaɓai, akwai rahoton Dudunni da bai iso muku ba, ni na riƙe shi. Ina roƙon ka je ka gani kafin a yanke musu hukunci."

Malam Sallau ya ce yarinya ce sabuwa, kuma maganarta na gaban ofis. Baƙon ya ɗaga masa hannu, ya ce in yi bayani. Na yi, a taƙaice. Ya saurara, sannan ya faɗi abin da har yau nake ganin yana da nauyi.

Ya ce, "Malama, akuya ana ganinta, ana ƙirga ta. Yunwa fa? In na ce a auna yunwa, kowane ma'aikaci zai rubuto mini abin da ransa ya so. Da me zan kama shi?"

Na ce, "Yallaɓai, dami ma ana ƙirga shi. Rumbu ana leƙa shi. Kuma duk garin sun san wanda ya yi noman farko a gonarsa da wanda ya yi a ta wani. Ban ce a daina ƙirga ba. Na ce muna ƙirga abin da ba shi ne ba."

Sai ya ce da direba a sauya hanya, Dudunni za a fara zuwa, kuma da ni za a tafi.

A gidan Inna Kande, dattijon nan ya tattare babbar rigarsa ya hau tsani ya leƙa rumbu da kansa. Da ya sauko ya tambaye ta ko ta san ta karya doka. Ta ce ta sani, kuma in an sake ba ta, aka sake shiga irin wannan hali, za ta sake sayarwa. Mutanen da suka taru suka yi dariya, shi bai yi ba. Daga nan na kai shi gidan Malam Tanimu. Ya daɗe yana kallon awakin, ya daɗe yana kallon yarinyar. Ya tambaya wa ya ce musu za a hukunta mai sayarwa. Malam Tanimu ya yi shiru don kada ya kunyata ni. Na ce, "Ni ce, Yallaɓai. Da bakina. Daga takardar da kuka aiko na karanta."

Daga nan muka dawo Kankia.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Ba a cire Dudunni ba, garma da shanu sun iso musu kafin damina ta gaba. An ƙara tambaya biyu a fom, ta hatsi da ta noman farko. Amma dokar hana sayarwa sai da ta ƙara shekara biyu kafin a sassauta ta. Malam Tanimu kuwa ba wanda ya mayar masa da daminar da ya rasa. Na koma da kaina na ce masa ya sayar da abin da yake bukata, in an zo hukunci ni za a fara kamawa. Ya sayar da 'ya'yan awakin, 'yarsa ta murmure, amma rani bai ƙare ba sai da ya tafi ci-rani.

Ni kuma an ɗauke ni daga aikin ƙauye aka zaunar da ni ɗakin fayil shekara guda, ƙarin girmana ya makara. Malam Sallau ba mugu ba ne. Bayan shekaru, da ya yi ritaya, na je gaishe shi ya ce mini shi ma ɗan manomi ne, ya san abin da na faɗa gaskiya ne tun ranar, amma ba a taɓa koya masa cewa ƙaramin ma'aikaci zai iya ce wa fom bai isa ba.

To ku ga shi na koya muku. Wanda ya tsara fom yana zaune ne inda ba ya jin ƙanshin tukunyar kowa, ba laifinsa ba ne, ku ne idonsa. Ku cike abin da aka ce ku cike, kada ku ƙara kada ku rage. Amma in kun ga gurbin takarda ya mai da mai hankali mai laifi, ku juya bayanta ku rubuta abin da kuka gani, ku sa sunanku a ƙasa. Talaka ya fi mu sanin watan da abincinsa ke ƙarewa, kuma sau da yawa abin da muke kira ɓarna shi ne dabarar da ta ciyar da gidansa. Sa hannunku shaida ce a kan mutanen da ba za su taɓa ganin rahoton ba, balle su kare kansu.

Da zan yi ritaya, wani akawu mai kirki ya ce zai iya zare mini tsohuwar takardar tuhumar daga fayil ɗina, don in fita da tsabtataccen suna. Na ce ya bar ta inda take. A duk fayil ɗin, ita ce takardar da na fi alfahari da ita.